Yadda ake neman katin bashi na kamfanin jirgi a Amurka, da lissafin ko zai biya ka

Duk wanda ke zaune a Amurka yana zuwa ganin gida ya san tikiti ne ke cin kaso mafi tsoka na guzuri. Shi ya sa katin bashi na kamfanonin jirgi ke jan hankali: ka yi sayayya da kati, a tara maka maki, lokacin tafiya ka yanki tikiti da makin. Abin yana yiwuwa, amma sai ka bi shi daki-daki.

Da farko ka dubi hanyar da kake bi zuwa gida, ita za ta zaɓar maka kati. Katin Delta na American Express ne, na United bankin Chase ke bayarwa, na American Airlines kuma Citi. Delta na tashi kai tsaye daga New York zuwa Accra, da Atlanta zuwa Legas, don haka ɗan Nima ko Zangon Kumasi da ke zaune a Bronx ya fi cin moriyarsa. Wanda ke sauka a Kano kuwa ya dubi United, domin makinsa yana aiki a ƙawancen Star Alliance, inda Ethiopian Airlines da EgyptAir suke, kuma duka biyun suna zuwa Kano. Mai niyyar Umara ya sani cewa Saudia tana ƙawancen SkyTeam tare da Delta.

Sai lissafi, kuma a nan nake so ka zauna da biro da takarda. A 2025 kuɗin shekara na katin Delta Gold dala 150 ne, haka ma katin United Explorer, kodayake sukan yafe shekarar farko. A yawancin sayayya maki ɗaya ake ba ka kan kowace dala, a ninka maka a gidan abinci da tikitin kamfanin. A ce kana kashe dala 1,000 a wata: maki 12,000 ke nan a shekara. Darajar maki ɗaya ba ta wuce santi ɗaya da 'yan kai ba, wato abin da ka tara bai fi dala 120 zuwa 150 ba. Ka ga da ƙyar ya biya kuɗin shekarar. Ribar tana cikin kyautar maraba da ake ba sabon mai kati, wadda kan kai dubban maki masu yawa, da rangwamen kashi 15 cikin 100 da Delta ke yi wa masu Gold idan sun yanki tikitin jirginta da maki. Jakar farko kyauta ma alheri ce, sai dai ta fi amfanar mai yawan zirga-zirga a cikin Amurka, tunda yawancin tikitin Afirka dama da jaka a cikinsa. Idan sau ɗaya kake tashi a shekara biyu, a ganina katin da ke mayar maka da tsabar kuɗi, marar kuɗin shekara, ya fi maka.

Idan lissafi ya fita, ka duba tarihin bashinka kafin ka nema. Kamfanoni uku ke ajiye shi, Equifax da Experian da TransUnion, kuma kana da haƙƙin ganin rahotonka kyauta. Makin FICO, wato ma'aunin da bankuna ke auna amincinka wajen biyan bashi da shi (ba makin jirgi ba ne), yana tsakanin 300 da 850. Daga 670 zuwa sama ake ɗauka mai kyau, irin wanda waɗannan katunan ke so. Sabon zuwa da ba shi da tarihi ya fara da katin da ake ajiye jingina, ya yi ta biya a kan lokaci har makinsa ya tashi. Kada ka yi ta cika fom barkatai, don kowane bincike da banki ya yi a kanka yana zama a rahotonka shekara 2. Chase ma an san shi da ƙin wanda ya buɗe kati 5 cikin wata 24.

Neman kansa ba wuya. Ka buɗe asusun tara maki na kamfanin jirgin, kyauta ne, sannan ka cika fom a shafin bankin: suna, adireshi, lambar Social Security, da abin da kake samu a shekara. Ka faɗi gaskiya. Amsa takan zo nan take. In an hana ka, doka ta wajabta wa banki ya rubuto maka dalili.

Kati ya iso, sai cika sharaɗin kyautar maraba, wato kashe wani adadi cikin watannin farko. Ka cika shi da abin da dama za ka saya: cefane, man mota, kuɗin waya, inshora. Kada ka aika kuɗi gida da shi, domin banki yakan lissafa hakan a matsayin cirar tsaba, ya caje ka, ruwa ya fara hawa ranar, kuma babu maki ko ɗaya.

Maganar ruwa ita ce babba. Ruwan waɗannan katunan yakan haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Wanda ya bar bashin dala 2,000 a kan kashi 24 yana biyan dala 40 duk wata, cikin wata 3 makin shekara ya tafi. Saboda haka ka saita asusunka ya riƙa biyan bashin gaba ɗaya da kansa kafin wa'adi, ta haka ba za a ɗora maka ko sisi ba. Ga Musulmi akwai batun riba: wasu malamai sun hana sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin ruwa, wasu sun yi sassauci ga wanda ya tabbata zai biya kan lokaci. Ka tambayi malamin da ka amince da shi tun kafin ka cika fom.

Makin Delta da na United ba sa lalacewa, amma farashin tikiti da maki yana hawa da sauka, ya fi tsada a Disamba da hutun makarantu. Ka fara nema watanni kafin tafiya, ka gwada ranakun tsakiyar mako, ka kuma tanadi kuɗin haraji a hannu, don shi yawanci ba a biyansa da maki.