Ka yi mafarki ya tsaya maka a rai? Ga yadda za ka bi da shi kafin ka kai wa kowa

Mutum zai farka da asuba gabansa na faɗuwa wai ya ga maciji ya biyo shi ko haƙorinsa ya fita, kafin hantsi ya gaya wa mutum biyar kowa ya ba shi tasa fassarar, ƙarshenta wata gwaggo ta ce ai akwai wani malam a bayan gari da ke duba, in ka je har sunan wanda ya yi maka aikin zai faɗa maka. To tsaya tukuna, akwai abubuwan da ya kamata ka yi tun kana kan shimfiɗarka.

Na farko ka tantance wane iri ne. Hadisin Abu Huraira ya kasa mafarki gida uku, akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwa daga Shaiɗan, sai kuma zancen zuci wato abin da ka wuni kana saƙawa. Wallahi yawancin abin da muke gani zancen zucin nan ne. Wanda ake bi bashi ya ga ana korarsa da gudu, budurwar da aka sa wa rana ta ga ana kamu, mai zazzaɓin cizon sauro ya ga rufin ɗaki na faɗo masa, duk waɗannan ba sa buƙatar malami. Ka tambayi kanka me na ci da daddare, me na kalla a waya kafin barci ya ɗauke ni, me ke damuna a satin nan. Haka dannau, ka farka ka kasa motsi kamar an danne maka ƙirji, likitoci sun san shi sarai kuma ya fi kama mai ƙarancin barci da mai kwanciya rigingine.

In mummuna ne, aikin kaɗan ne. Ka yi tofi mara yawu ta hagunka sau 3, ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ka gani, ka juya ɗaya ɓarin, in ka samu iko ka tashi ka yi salla, sannan ka kama bakinka. Kama bakin nan shi ne ya fi ba mutane wuya. A Sahihu Muslim wani balaraben ƙauye ya zo wurin Annabi (SAW) ya ce ya ga an sare masa kai yana bin kan da gudu, ba a fassara masa komai ba, cewa aka yi ya daina ba mutane labarin wasan da Shaiɗan ke yi da shi a barci.

In kuma mai kyau ne, ko ya fito tar kamar a farke kuma ya ƙi barin ranka, to ka rubuta shi nan take ko a wayarka ne, don kafin ka gama karin kumallo rabi ya gudu. Ka rubuta wa ka gani, a ina, me ya ce, sannan yaya ka ji, tsoro ne ko natsuwa. Kar ka ƙara gishiri don labarin ya yi daɗi, Buhari ya ruwaito cewa wanda ya ƙirƙiri mafarkin da bai gani ba za a sa shi ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar alƙiyama, kuma ba zai iya ba.

Yanzu maganar alamomi, nan ne ake yawan cin mutane. Eh, gaskiya ne mafarki da alama yake magana. Annabi Yusuf ya ga taurari 11 da rana da wata, ashe 'yan'uwansa ne da iyayensa. Sarkin Masar ya ga shanu 7 masu ƙiba wasu 7 ramammu na cinye su, fadawansa suka ce ai yaye-yayen mafarki ne kawai, sai Yusuf ya karanta shekarun yalwa da na fari a ciki. Annabi (SAW) da kansa ya fassara nono da ilimi, ya fassara doguwar rigar da ya ga Sayyidina Umar na ja da addini. Amma fa alama ɗaya ba ta da ma'ana ɗaya ga kowa. Ana ba da labarin Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu shekara ta 110 bayan hijira, mutum biyu suka zo masa kowa ya ce ya ga yana kiran salla, ya ce wa ɗaya za ka yi aikin hajji, ɗayan kuma ya fassara masa da sata. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce kamannin na farko na mutumin kirki ne sai ya tuna ayar da aka ce a yi shelar hajji ga mutane, na biyun kuwa ya tuna shelar da aka yi wa ayarin 'yan'uwan Yusuf cewa ku ɓarayi ne. Ka ga kenan mai mafarkin aka karanta kafin mafarkin. Shi ya sa jerin nan da ake yawo da shi, maciji maƙiyi, haƙori mutuwa, cin nama mayu, ni dai ban ɗauke shi komai ba. Manomin fadama da kullum yake cin karo da maciji a shinkafa, ko mai tallan fura da ta kwana tana tunanin ƙwaryar nononta, ta yaya za a fassara musu daidai da ma'aikacin banki? Ko littafin fassarar da ake jingina wa Ibn Sirin ɗin, wanda za ka samu a hannun masu sayar da littattafai a kasuwar Kurmi, malamai da yawa suna ganin ba shi ya rubuta shi ba.

Sai wa za ka gaya wa. Annabi Yaƙub ma hana ɗansa Yusuf ya yi ya gaya wa 'yan'uwansa na jini. Ka nemi mai ilimi ko masoyin da ka tabbatar zai faɗa maka alheri, mutum ɗaya ya isa, ba wai ka ɗora a WhatsApp kowa ya tofa ba.

Ka kuma iya bambanta mai fassara da mai duba, don dukansu malam ake ce musu. Mai fassara zai tambaye ka sana'arka, kana da aure ko babu, yaya ibadarka, ya faɗi abin da ya fahimta ya ce Allah ne masani, wani lokaci ma ya ce maka wannan ba komai ba ne je ka abinka. Shi kuwa mai duba sunan mahaifiyarka zai fara tambaya, ya baza yashi a faifai yana ɗiga masa yatsa yana sharewa, ko ya watsa wuri, can sai ya ɗago ya ce akwai wata baƙar mace a danginku, kai kuma dama kana da ƙullin kishiyar uwarka a zuci shikenan ka gama yarda. Daga nan sai baƙin bunsuru da kuɗin turare. In ka ga an fara haka ka ɗauki takalminka, Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ba kwana 40.

Haka abin nan na a kai wa malam sunan saurayi ya kwana a kai ya ga fari ko baƙi wai istihara. Istiharar da aka koyar a hadisin Jabir raka'a 2 ce ta nafila da addu'a, mai buƙatar ne ke yi da kansa, kuma babu sharaɗin sai an yi mafarki. Ka yi, ka yi bincike da shawara, ka ci gaba da lamarin.

Ko fassarar ta fito daga bakin malamin ƙwarai, kar ka saki mata ko ka fasa aure ko ka daina gaisawa da ɗan'uwa saboda ita, ba a gina hukunci a kan mafarki. Kafin ka kwanta ka yi alwala, ka karanta Ayatul Kursiyyu, ka tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu ka shafe jikinka sau 3, ka kwanta ta dama. In kuma munanan mafarkai sun zama kullum har suna hana ka barci, musamman bayan haɗarin mota ko wani tashin hankali da ka gani da idonka, dan Allah ka haɗa da zuwa asibiti ka gaya wa likita.