Yadda za ka gane ko kuɗin rashin aiki zai bi ka zuwa karatun gaba da digiri a Ayalan

Da zarar Satumba ta ƙarato, tambaya ɗaya ce ke yawo a tsakanin 'yan uwa mazauna Dublin da Cork da Galway: "Yaya, aiki ya ƙare, ga shi na samu gurbin mastas. Gwamnati za ta ci gaba da ba ni kuɗin mako?" Yawanci amsar ita ce a'a. Dokar ƙasar ta ɗauki ɗalibin cikakken lokaci a matsayin wanda ba ya kasuwar aiki, shi kuwa kuɗin rashin aiki na wanda yake shirye ya kama aiki gobe da safe ne, yana kuma nemansa da gaske. Sai dai akwai ƙofofin da aka bari a buɗe, kuma abin da ke buɗe su shi ne sunan shaidar da za ka fita da ita, da irin lokacin da za ka riƙa zuwa aji. Saboda haka kar ka biya wa jami'a kuɗin kafin alƙalami sai ka bi waɗannan matakai bi da bi.

Na farko: duba katin izinin zamanka

Idan da bizar karatu ka shigo daga Najeriya ko Nijar ko Ghana, tambarin da ke kan katinka Stamp 2 ne, kuma maganar ta ƙare a nan. Sharaɗin wannan izini shi ne ba za ka taɓa kuɗin tallafin gwamnati ba. Abin da aka yarje maka shi ne aikin awa 20 a mako lokacin karatu, da awa 40 daga Yuni zuwa Satumba da kuma daga 15 ga Disamba zuwa 15 ga Janairu. Sauran bayanin na ɗan ƙasa ne, da ɗan Tarayyar Turai, da mai Stamp 4 (izinin zama da ke barin mutum ya yi aiki ba tare da takardar izinin aiki ba), da wanda aka ba shi mafaka. Su ma sai suna da lambar PPS, wato lambar da gwamnati ke gane mutum da ita a harkar haraji da tallafi, kuma a kan wasu kuɗaɗen sai ma'aikatar jin daɗin jama'a ta gamsu cewa Ayalan ce mazauninsu na ainihi.

Na biyu: san sunan kuɗin da ke shigo maka

Mutane kan ce "ina karɓar na rashin aiki" kamar abu ɗaya ne, alhali iri-iri ne, kuma bambancin zai dawo ya same ka a tsakiyar zangon karatu.

Akwai wanda ya dogara da gudummawar PRSI, wato kuɗin inshorar jin daɗin jama'a da aka riƙa cira daga albashinka. Tsohon tsarinsa shi ne Jobseeker's Benefit: wata 9 ga wanda ya biya gudummawar mako 260 ko fiye, wata 6 ga wanda bai kai ba. Daga 31 ga Maris 2025 aka shigo da sabon tsari mai bin girman albashi, Jobseeker's Pay-Related Benefit, inda mai gudummawar shekara biyar zai fara da kashi 60 cikin ɗari na albashinsa, iyaka Yuro 450 a mako, na tsawon mako 13, daga nan ya riƙa sauka. Waɗannan biyun ba ruwansu da abin da ka tara a banki, amma suna ƙarewa.

Sai Jobseeker's Allowance, wanda ake auna abin hannunka kafin a ba ka. Ana duba albashin miji ko mata, ana duba ajiya, ko da yake ana kau da kai daga Yuro 20,000 na farko. A 2025 cikakken kuɗin mutum ɗaya Yuro 244 ne a mako. Shi ba ya da wa'adi muddin sharuɗɗan na nan.

Wani abin lura: wanda ya ajiye aiki da kansa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ana iya hana shi kuɗin har mako 9. Barin aiki don komawa makaranta ba ya sa a tausaya maka.

Na uku: karanta sunan kwas ɗin harafi da harafi

A nan ne yawancin mutane ke zamewa, don haka bari mu daɗe a kai.

Tallafin da ke barin mara aiki ya zauna a aji cikakken lokaci kuɗinsa na ci gaba da shigowa shi ne Back to Education Allowance, wanda kowa ke kira BTEA. An gina shi ne domin wanda bai samu damar karatu da wuri ba, shi ya sa hannunsa a buɗe yake ga karatun sakandare da digirin farko, amma a karatun gaba da digiri ya matse ƙwarai. Abin da ya amince da shi kaɗan ne: Higher Diploma a kowane fanni, da Professional Master of Education, wato shaidar koyarwa ta shekara biyu da ta maye gurbin tsohuwar difilomar malanta a 2014. Akwai kuma wata 'yar kafa ga wanda jami'a ta ɗauke shi mastas saboda gogewar aiki kawai, ba shi da wata shaidar gaba da sakandare. Ban da waɗannan, mastas na yau da kullum, ko MA ne ko MSc ko MBA, ba ya ciki. Digiri na uku ma haka. Kuma wanda ya riga ya mallaki shaidar gaba da digiri ba zai samu ba. Shekarunka kuma sai sun kai 24.

Tarkon yana cikin kamanceceniyar suna. Tsarin matakan ilimi na Ayalan hawa goma ne. Digirin farko mai daraja da Higher Diploma duk suna hawa na 8. Mastas da Postgraduate Diploma suna hawa na 9, digiri na uku yana na 10. Mu da muka taso da jin "PGD" a jami'o'in gida, kunnenmu ba ya bambance difilomar nan biyu. A ce wata baiwar Allah da ta yi digirin kimiyyar sinadarai, masana'antar da take aiki ta rage ma'aikata, ta buɗe shafin wata kwaleji ta ga kwasa-kwasai biyu na nazarin bayanai a jere, kuɗinsu kusan ɗaya, darussansu sun yi kama. Ɗaya an rubuta Higher Diploma, hawa na 8. Ɗayan Postgraduate Diploma, hawa na 9. Zuciyarta za ta karkata ga na 9, tunda ya fi tsayi. To na 8 ɗin ne zai bar mata kuɗin mako. Na 9 zai yanke shi ranar da ta yi rajista.

A ganina wannan ƙa'ida ta tsufa. Fannoni da yawa yanzu mastas ne tikitin shiga, kuma babu hikima a biya mutum ya zauna gida yana aika takardun neman aiki amma a ƙi biyansa ya yi shekara ɗaya ya ƙara ƙwarewa. Amma jami'in da ke bayan teburi ba shi ya rubuta ta ba, kuma gardama da shi ba za ta sauya ko waƙafi ba.

Na huɗu: ƙirga kwanakinka

Kafin ka cancanci BTEA na matakin jami'a, sai ka yi wata 9 kana karɓar ɗaya daga cikin kuɗaɗen da aka amince da su. A takarda za ka ga an rubuta kwana 234, domin kwana shida suke ƙirgawa a mako, wato mako 39. Ɗauki kalanda, ka fara daga ranar da aka fara biyanka, ka ƙirga zuwa ranar buɗe aji. Wanda aikinsa ya ƙare a Afrilu ba zai cika su ba kafin Satumba.

Sauƙin da ke akwai na wanda aka sallama aka biya shi kuɗin sallama na doka ne. Shi ba sai ya jira wata taran ba: yana iya shiga nan take ko cikin shekara ɗaya da sallamar, matuƙar an fara tabbatar da cewa ya cancanci ɗaya daga cikin kuɗaɗen. Ka adana takardar sallamar da kyau.

Sannan ka yi lissafi na biyu, wanda mutane ke mantawa. Idan Jobseeker's Benefit kake karɓa, ranar da wa'adinsa ya cika sai ka tsallake awon abin hannu na Jobseeker's Allowance kafin BTEA ya ɗore. Idan maigida ko uwargida na da albashi mai kauri, kuɗin na iya tsayawa cak a watan Fabrairu, kana tsakiyar kwas, ka riga ka biya makaranta. Gara ka san haka tun a Agusta.

Na biyar: je ofishin Intreo kafin ka yi rajista

A Intreo, wato ofishin gwamnati na masu neman aiki, ka nemi ganin jami'in da ke kula da fayil ɗinka, domin ga masu neman aiki sai da amincewarsa ake shiga BTEA. Abin da yake son ji shi ne yadda kwas ɗin zai kai ka ga aiki, don haka ka tafi da tallace-tallacen guraben aiki biyu ko uku da ke neman wannan shaida. Ka riƙe takardar gurbin karatu mai nuna sunan kwas, hawansa, ranar farawa, da cewa na cikakken lokaci ne. Fom ɗin da za ka cika sunansa BTE 1. Ka miƙa shi kafin a fara karatu. Ana iya karɓar wanda ya makara cikin kwana 30 da farawa, amma kar ka jingina da wannan.

Idan an amince, kuɗin da za a riƙa ba ka yana bin ƙimar wanda kake karɓa a da. Mai 'ya'ya a kan fayil ɗinsa yana samun ƙarin Yuro 500 a shekara don hidimar karatu. Aikin ɗan lokaci bai haramta ba, sai dai ana lissafa abin da ka samu.

Na shida: idan mastas ɗin ne dole, sauya lokacin karatun

Ga wanda zuciyarsa ta kafe a kan mastas, hanyar da ta rage ita ce ya yi shi a rabin lokaci, da yamma ko ƙarshen mako ko ta intanet. Akwai tsarin Part-Time Education Option da ke barin mutum ya riƙe kuɗin rashin aikinsa yana irin wannan karatu. Sharaɗin shi ne har yanzu kai mai neman aiki ne: idan aka kira ka ganawa za ka je, idan aiki ya samu za ka karɓa ko da ya ci karo da darasi. Shi ma sai an nemi izini tukuna.

Kafin ka zaro kuɗi daga aljihu, leƙa Springboard+. Shiri ne da gwamnati ta fara a 2011 bayan durƙushewar tattalin arziki, yana ba da kwasa-kwasai daga hawa na 6 zuwa na 9 a fannonin da ake ƙarancin ma'aikata, kamar fasahar kwamfuta da harhaɗa magunguna da gine-gine. Kyauta ne ga mara aikin da ya cancanta, mai aiki kuma yakan biya kashi 10 cikin ɗari a hawa na 7 zuwa na 9. Yawancinsu na rabin lokaci ne, kuma a nan ne za ka iya samun shaidar hawa na 9 ba tare da kuɗin makonka ya yanke ba.

Na bakwai: kuɗin makaranta maganarsa daban

BTEA ba ya biyan ko sisi na kuɗin makaranta. Wannan aikin SUSI ne, hukumar tallafin ɗalibai da aka kafa a 2012. Tana duba kuɗin shigar gida na shekarar da ta gabata, tana duba ƙasar da kake ɗauke da fasfonta ko irin izinin zamanka, kuma sai ka yi shekara uku cikin biyar na baya a Ayalan ko Tarayyar Turai ko Birtaniya ko Suwizalan. Masu ƙaramin ƙarfi sosai na iya samun har Yuro 6,270 na kuɗin makaranta. An kuma dawo wa ɗaliban gaba da digiri da kuɗin ciyarwa a Janairun 2024, bayan an soke shi ga mafi yawansu shekaru da dama. Mai BTEA ba ya haɗa shi da kuɗin ciyarwar, amma yana da damar neman na makaranta. Wanda kuma BTEA ya ƙi shi saboda mastas ne, SUSI ce babbar madogararsa, kuma ita ba ta ƙyamar hawa na 9 ko na 10.

Akwai kuma rangwamen haraji ga wanda ya biya kuɗin, ko kai ne ko mai ɗakinka: kashi 20 cikin ɗari, bayan an cire Yuro 3,000 na farko a karatun cikakken lokaci ko 1,500 a na rabin lokaci, kuma ba a lissafa abin da ya haura 7,000. Idan an biya 6,000 a mastas na rabin lokaci, abin da zai dawo 900 ne, in dai mai biyan ya biya harajin da ya kai haka a shekarar.

Lokacin bazara da rubutun kundi

Wanda ya shiga BTEA daga kuɗin rashin aiki ba a biyansa a hutun bazara tsakanin shekara da shekara, sai dai ya koma ya sake neman na rashin aikin idan bai samu abin yi ba. Ɗalibin mastas na wata 12 kuwa ba ya da wannan hutu, domin Yuni zuwa Agusta lokacin rubuta kundin bincike ne, sunansa na nan a rajista. Ranar da ka miƙa kundin, ka karɓi wasiƙa daga ofishin rajista mai ɗauke da kwanan watan kammalawa, ka shigar da buƙatar kuɗin rashin aiki a MyWelfare, shafin intanet na ma'aikatar jin daɗin jama'a, a ranar, ba sai ka jira bikin yaye ɗalibai ba. Masu digiri na uku su sani cewa alawus ɗin bincike ba a cire masa haraji ko PRSI, don haka shekaru huɗun nan ba sa ƙara musu gudummawa, kuma galibi awon abin hannu ne ke jiransu idan sun gama.

Kar ka yi rajistar cikakken lokaci ka yi shiru kana ci gaba da karɓa. Duk abin da aka biya ka a wannan hali bashi ne, kuma ma'aikatar na da ikon cire har kashi 15 cikin ɗari daga kuɗin makonka na gaba ba tare da yardarka ba.

Idan aka ƙi ba ka BTEA, ka nemi dalilin a rubuce. Shi ba ya cikin tsare-tsaren da ake kai ƙararsu ofishin ɗaukaka ƙara na jin daɗin jama'a, hanyarsa ita ce ka rubuta ka nemi wani jami'i ya sake duba fayil ɗin, kuma ka yi hakan da wuri. Ka ɗauki wasiƙar ƙin da takardar gurbin karatunka ka je cibiyar Citizens Information, masu ba jama'a bayani kan haƙƙoƙinsu, mafi kusa da kai, za su karanta tare da kai kyauta, su taimaka maka da rubutun.