Yadda za ki sama wa 'yarki 'yar tsana mai kama da ita

Duk uwar da ta taɓa shiga babbar kasuwar Gombe neman kayan wasan yara gab da sallah ta san irin 'yan tsanar da suka fi yawa: farar fata, gashi mai ruwan zinare, da ƙugu kamar na zanzaro. Yarinya kuwa goya 'yar tsanarta take yi, ta yi mata wanka, ta kwana da ita, har ta fara ɗaukar cewa kamanninta su ne kyau. Tun a shekarun 1940 masana biyu a Amurka, Kenneth da Mamie Clark, suka gwada yara baƙar fata da 'yan tsana, suka tarar yawancinsu sun fifita farar a kan mai launin jikinsu.

Abu na farko shi ne ki san cewa yanzu akwai zaɓi. Kamfanin Mattel, wanda ya fito da Barbie a 1959, ya ƙaro siffofin jiki a 2016, wato mai jiki da doguwa da gajeriya, sannan a 2017 ya sanar da Barbie ta farko mai hijabi, wadda aka yi da kamannin Ibtihaj Muhammad, 'yar wasan takobi da ta samu lambar tagulla a Olamfik ta 2016. A 2019 aka fito da mai keken guragu. A nan gida, Taofick Okoya na Legas ya ƙirƙiro Queens of Africa, baƙaƙen 'yan tsana masu suturar Najeriya, kuma cikinsu akwai wadda aka yi da shigar Hausawa. Idan za ki yi saƙo ko ki saya ta intanet, ki faɗi launin fata da irin gashin da kike so, domin idan kika yi shiru, wadda ta fi yawa a shago za a kawo miki.

Idan kuɗin waɗannan ya yi miki yawa, ki gyara wadda ke hannu. Ki je wurin telar unguwa ki karɓi ƙyallayen atamfa da leshi da suka rage, ki auna jikin 'yar tsanar da zare, ki ɗinka mata riga da zane da ɗankwali, ko doguwar riga da mayafi. Haka Haneefah Adam ta Ilori ta fara Hijarbie, shafin da take nuna Barbie cikin hijabin da ta ɗinka mata, a Instagram, da allura da zare, har duniya ta san aikinta. Ki sa yarinyar ta zaɓi atamfar da kanta, in da hali ma daga ragowar ɗinkinta na sallah, domin su yi anko.

A ganina, wadda ta fi duka ita ce ta hannu, irin wadda kakanninmu suke yi. Ki yanka yadi mai ruwan ƙasa gida biyu bisa siffar jiki, ki ɗinke gefensa ki bar ƙofa, ki juya shi, ki cusa auduga har ya yi tauri, sannan ki rufe. Baƙin zaren ulu yana yin gashi mai kyau wanda za a iya yi wa kitso, shuku ko zane-zane. Ido da baki a yi su da zare, domin maɓalli da duwatsun ado suna iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Gidan da yake da takatsantsan game da sura yana iya barin fuskar ba komai, ko da yake ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW).

Saura suna da sana'a, kuma nan ne iyaye da yawa suke sakaci. Wasan 'yan matanmu yakan tsaya a bikin 'yar tsana, da lefe da kai amarya. Wannan al'ada ce mai daɗi, amma ki ƙara mata wasu hanyoyi. Ki ɗinka wa 'yar tsanar farar riga ta zama likita, ko ki yanko mata ɗan allo na kwali ta zama malama Asma'u, sai ki ba da labarin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata. Kina iya sa mata Amina, ki gaya wa yarinyar cewa Amina Mohammed, mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017, tushenta jihar Gombe ne.

Daga nan ki zauna kusa ki saurari abin da take cewa yayin wasa. Idan kika ji ta ce baƙar ba ta da kyau, kada ki yi mata tsawa. Ki tambaye ta wa ya faɗa mata haka, ki ɗauki 'yar tsanar ki goya ta a gabanta, sannan ki ce ta kawo mataji ku yi mata sabon kitso tare.