Yadda ake ceto tsohon tef na shirin jaz kafin danshin Legas ya cinye shi

Daga 1955 har rasuwarsa a 1996 Willis Conover ya gabatar da shirin kiɗan jaz a Muryar Amurka ta gajeren zango, har da hira da makaɗa, kuma wasu masu rediyo sun naɗi shirin a tef mai faifai biyu. Idan ka tsinci irinsa a akwatin tsohonku a Agege ko Idi-Araba, kada ka yi garajen kunnawa.

Fara shinshina shi. Warin tsami alama ce cewa zaren tef ɗin na asitet ne, wato wani nau'in roba, kuma ya soma ruɓewa. Ware shi daga sauran, kada ya ga rana ko zafi, don zai ƙanƙance ya kakkarye. Farin ƙura-ƙura a gefen zaren funfuna ce: sa tef ɗin cikin roba mai murfi tare da ƙullin silika mai shanye danshi, ya yi mako biyu, sannan ka share a hankali da ƙyalle marar gashi, hancinka a rufe.

Goge kan na'urar kunna tef, wato ƙarfen da zaren ke gogawa don fitar da sauti, da auduga da sinadarin isofurofil, wani nau'in barasa na goge na'urori. Gudun tef yawanci santimita 9.5 ne ko 19 a daƙiƙa. In muryar Conover, mai kauri da nutsuwa, ta fito siririya, gudun ya yi yawa.

Ɗauka zuwa kwamfuta da Audacity, manhajar naɗar sauti, a ajiye a WAV, tsarin fayil ɗin sauti, a ma'aunin inganci bit 24. Yi aikin da inbata, na'urar da ke ba da wuta daga batir, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar juyi tana iya tsinka zare. Kuma kada ka tace shuuu ɗin gajeren zango fiye da kima, sautin kuge yana tafiya tare da shi.