Yadda Za Ka Raɗa wa Baturiyar Ingila ta Ƙarni na 16 Suna a Labarinka

Da farko, tsayar da shekarar haihuwarta. Idan bayan 1538 ne, ka huta, domin a shekarar ce Thomas Cromwell, babban ministan Sarkin Ingila Henry VIII, ya umarci kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Waɗannan rajistoci su ne madogararka.

Sai ka ɗauki sunan yanka. Kada ka wahalar da kanka neman baƙon suna: Elizabeth, Joan, Agnes, Margaret, Alice, Anne da Mary su suka cika gari, har a unguwa guda a sami takwara biyar. Vanessa kuwa ka ajiye ta, sai ƙarni na 18 aka ƙirƙiro ta.

Suna na tsakiya? Bar shi, da wuya ka same shi a lokacin.

Daga nan sunan dangi. Gado ne, ko Baker ake kiranta ba lallai ubanta mai gasa burodi ba ne. In ta yi aure, sauya mata da na mijinta.

Rubutun kuma kada ka matsa masa, ba shi da ƙa'ida tsayayya. Katherine Parr, matar Henry VIII ta ƙarshe, “Kateryn” take sa hannu.