Kafin ka sayi mota mai ɗaki ta hannu a Ingila

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga mai son sayen irin motar nan mai gado da kicin a ciki, kuma kuɗinsa ba su taka kara sun karya ba: danshi za ka fara dubawa, kafin ma inji. Bakanike zai gyara inji, amma in ruwa ya shiga bango ya ruɓar da katako, gyaran kan fi ƙarfin aljihu.

Kana shiga ka shinshina. In ka ji warin rima, ko mai motar ya fesa turare ya wuce misali, yi hattara. Buɗe kowace kabad, ɗaga katifa, danna yatsa a gefen tagogi da kewayen tagar rufi. Inda ya lotsa, ruwa ya riga ka. Na'urar gwada danshi ba ta da tsada, don Allah ka tafi da ita.

Tarihin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kyauta ne a shafin gwamnati, lambar mota kawai za ka sa. Taya kuma kada kyan ido ya ruɗe ka, motocin nan sun fi zama a ajiye, sai taya ta tsufa ba ta cinye ba: lambobi huɗu na gefen tayar su ne mako da shekarar ƙira.

Lasisin mota na yau da kullum iyakarsa mota mai nauyin kilo 3,500, in bayan 1996 ka samu. Mazauna Landan kuma, tsohuwar dizal za ta ci fam 12.50 na ULEZ, wato harajin hayaƙin mota, duk ranar da ta hau titi.

In da hali, jira lokacin sanyi, ciniki ya fi sauƙi.