Ɗan ƙwallo sabon zuwa Legas: haƙƙin kocinka da kuɗin babban kulob

Yaro ya sauka a Agege ko Mile 12 daga Kano, Jos ko Kaduna da takalmin ƙwallo a jaka. Wani koci ya ɗauke shi, ya ba shi wurin kwana da kuɗin mota. Bayan shekara biyu ƙafarsa ta fara magana, sai ga wani da alkawarin Turai. Daga nan rigima ke tashi: koci ya ce an ci amanarsa, yaro ya ce ai nema ya kawo shi kudu. Ɗan'uwa, mafi yawan wannan rigimar rashin takarda ne ke haifar da ita, kuma tun makon farko ake maganinta.

Kulob ko makarantar ƙwallon da za ka shiga, ka tabbatar tana da rajista da hukumar ƙwallon jihar Legas, kuma kai ma an yi maka rajista da sunanta a tsarin NFF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya. Ranar haihuwarka ta zama ɗaya a takardar haihuwa, NIN da fasfo. Rage shekaru kan jawo a yi watsi da ciniki a ranar ƙarshe, idan takardu suka saɓa.

Wannan rajistar ita ce hanyar da za ka saka wa wanda ya raine ka. A dokar FIFA, idan aka saye ka daga wata ƙasa zuwa wata kana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka horar da kai daga shekara 12 zuwa 23. A cinikin Yuro miliyan 10, Yuro 500,000 ke nan: kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da 25,000, daga 16 zuwa 23 kuwa 50,000. Akwai kuma diyyar horarwa da ake biya lokacin da ka sa hannu a kwantiragin ƙwararru na farko. Tun 2022 FIFA ke tura waɗannan kuɗi ta wani ofishi nata a Faransa, bisa tarihin rajistar ɗan wasa. Kocin da bai yi maka rajista ba ba shi cikin lissafi, komai wahalar da ya sha a kanka. Don haka ka matsa masa ya yi, don amfanin kansa ne.

Abin da bai kamata ka yarda da shi ba da sunan biyayya shi ne takardar da ke ba wani mutum kaso a kuɗin sayar da kai nan gaba. FIFA ta haramta wannan tun 2015. Haka nan kada ka bar fasfonka a hannun kowa.

Idan ba ka cika 18 ba, ba a yi maka canjin kulob zuwa ƙasar waje, in ban da 'yan dalilai ƙalilan kamar ƙaurar iyaye ba don ƙwallo ba. Kwantiraginka ma ba zai wuce shekara 3 ba, na babba kuwa iyakarsa 5. Duk wanda ya ce zai fitar da ɗan shekara 16 a kan bizar yawon buɗe ido, ya kuma nemi iyaye su sayar da gona ko shanu, a rabu da shi. Ba a biyan kuɗin gwaji. Ka nemi ganin wasiƙar gayyata, sannan a tuntuɓi kulob ɗin ta adireshin da ke shafinsa, ba ta lambar da mutumin ya bayar ba. Wakili na gaske, wato dillalin da ke nema wa ɗan wasa kulob, yana da lasisin FIFA, sunansa na shafin FIFA ɗin, kuma yarjejeniyarsa da kai ba ta wuce shekara 2.

To, tayi na gaskiya ya zo, me za ka duba? Kafin albashi, tambayi inda za ka buga. Victor Osimhen ya fito daga Ultimate Strikers a nan Legas, ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, ya tafi Wolfsburg ta Jamus a 2017, bai ci ko ɗaya ba. Sai da ya koma aro Charleroi ta Beljiyam, inda ake sa shi wasa, sannan hanyar Lille da Napoli ta buɗe. Wilfred Ndidi daga Nath Boys ya fara da Genk kafin Leicester. Ahmed Musa ma daga Kano Pillars ƙaramin kulob ya nufa, VVV-Venlo ta Holan, a 2010. A ganinmu shekara biyu kana buga wasa a kulob matsakaici ta fi shekara biyu a bencin mai suna, ko da albashin ya ninka.

Idan za ka tafi, ka tafi ta ƙofa. Kai da bakinka za ka faɗa wa koci, kada ya ji a bakin 'yan unguwa. Kana cikin kwantiragi, sabon kulob ya rubuto wa naka. Sai saura wata 6 ya ƙare kake da damar sa hannu da wani. Wanda ya tsere ba dalili zai iya biyan diyya, a kuma dakatar da shi wata 4. Amma biyayya ba ta nufin zama da yunwa: idan an riƙe maka albashin wata 2, ka rubuta takarda ka ba su kwana 15, in ba su biya ba kana da hurumin soke kwantiragin.

Ranar sa hannu ka je da mahaifinka ko wani babba da ka yarda da shi, da lauya naka ba na wakili ba. A karanta maka komai da Hausa: tsawon lokaci, albashi bayan haraji, wa zai biya gida da magani idan ka ji rauni. Kada ka bar ofishin sai da kwafinka mai ɗauke da sa hannun ɓangarorin biyu.